Algaitar Turawa da Kwalin Kofuna

Har gobe in na ji an busa algaitar nan ta Turawa da suke kira saksafon, sai wata Laraba ta dawo mini, Larabar da na kusa rasa aiki da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda fim ɗin da ban ma kalla ba.

Ku da kuka zo Jidda a zamanin waya ba ku riski shagon bidiyo ba, bari in yi muku bayani. A tsakiyar shekarun casa'in ina aiki a unguwar Sharafiyya, a shagon Abu Majid. Shi ne kafilina, wato takardun zamana a ƙasar suna hannunsa. Umara ce ta kawo ni, ban dai ce muku na koma ba. Shekara tara na yi ina dakon buhuna a tashar jiragen ruwa, har bayana ya ce shi kam ya yi ritaya, sannan Allah ya haɗa ni da Abu Majid. Karatu kuwa, aji biyu na yi a garinmu. Lambobi na kwaso na gudu, haruffa na bar wa malam abinsa.

Mu uku ne a shagon. Mai shago a kujera, wani Bamisire a kanta yana rubuta sunayen masu haya, ni kuma a ɗakin baya da muƙamin mai almakashi, ko da yake ban taɓa riƙe almakashi ba. Injuna biyu ne a gabana, ɗaya na juya kaset na asali, ɗaya na kwafa. Aikina in ɗora yatsa a maɓallin dakatarwa. Duk inda tufafi suka fara raguwa a jikin mutane in danna, in sun dawo hayyacinsu in saki. Kwafin da ya fito a manna masa koren tambari, alamar iyali za su iya kallo.

To ni mutum ne mai 'ya'ya, ba zan zauna ina zare ido a kan abin da aka ce in cire ba. Sai na gano wata dabara. Turawan nan ba sa fara rashin kunya sai an busa musu algaita. Don haka da na kunna kaset sai in juya wa talabijin ƙeya, in fuskanci bango. Algaita ta tashi, in danna. Ta yi shiru, in saki. Shekara uku ina yanka da kunne, babu wanda ya taɓa kawo ƙara. Har alfahari nake yi a majalisa.

Finafinan da suka fi ba ni aiki su ne na kisan kai da soyayya, masu lamba a bayan suna. Kashi na ɗaya yakan zo da kuɗinsa: manyan 'yan wasa, jirgin sama, gari guda. Daga na biyu kuwa sai talauci ya shigo. Gida ɗaya, tafkin wanka ɗaya, jar mota ɗaya wadda kowa ke ara, har ɗan sanda. Wanda aka binne a kashi na biyu sai ka gan shi a na uku ya manna gashin baki ya zama mai bincike. In an ce ana ruwan sama, kana ganin inda tiyo ya tsaya, gefe guda a bushe. Amma kada ku raina su. Ba sa buƙatar Turanci, ba sa wahalar da ƙwaƙwalwa, kuma lebura zai iya gyangyaɗi na minti goma ya farka bai rasa komai ba. In na gama aski, fim yakan shige tsakanin la'asar da magariba har a sha shayi.

Ranar Larabar, bayan azahar, sai ga Usta Bakur ya faɗo shago da kaset a hannu. Bahaushe ne haifaffen Jidda, shugaban leburori a tashar jiragen ruwa, gidansa a unguwar Safa. Rabin masu hayarmu shi ya kawo su. Hausarsa kuwa rabi ce, sauran Larabci ke cikewa.

“Ina Hajji Sale? Ya fito! Ya Hajji, esh hada? Mene ne wannan? Fim ne wannan ko talla?”

Na fito ina goge hannu. Na ga lamba uku a jikin kaset, na ce, “Lafiya, Usta?”

“Lafiya? Mutum yana shan shayi a bakin ruwa, ƙiftawar ido sai ga mutane a maƙabarta. Ɗan sanda ya buga ƙofa, sai rubutun ƙarshe ya hau, halas, an gama! Minti ashirin da biyar! Wa ya kashe mai gidan? Ummi mahaifiyata ta ce matar mai gidan ce, matata ta ce direba ne. Tun jiya ba sa magana da juna, ni suke aike tsakanin falo da kicin.”

Abu Majid ya sauke tabarau ya dube ni. “Ya Salihu, ka kalli fim ɗin nan?”

Na ce, “Allah ya ja kwana, na saurare shi.”

Bamisire ya sunkuya ƙarƙashin kanta, wai biro yake nema, kafaɗunsa na rawa. Abu Majid kuwa bai yi dariya ba. Ya ce gobe Alhamis bayan la'asar Usta zai dawo. In bai tafi da amsa ba, ko kuma in iyalinsa suka ga abin da bai kamata ba, to iƙamata saura wata guda, in nemi wani kafilin. Nan take na ji buhunan tashar jiragen ruwa suna gaishe da bayana.

Na koma ɗakin baya na kulle ƙofa, na yi a'uzubillahi, na kunna na asali. Karo na farko na fuskanci talabijin, ina leƙe ta tsakanin yatsu. Nan na ga abin da ya ci ni. Bayin Allah nan kiɗa ɗaya tak suka iya saya. Soyayya, algaita. Kisan kai, algaita. Mutum zai ajiye mota a gareji, algaita. Ashe duk abin da ya motsa a fim ɗin na yanke shi.

Mayar da kisan da garejin ba wuya. Matsalar tana kusa da ƙarshe. Matar mai gidan ce da wani saurayi suna cikin baho, ba sai na ce muku ba da babbar riga suka shiga ba. Tana cikin magana sai ya zabura, sabulu ya kwashe shi, ya rarrafa ya nufi tarho. Ko ni da ba na jin Turanci na san sirrin a nan ya fito. Kuma fassarar Larabci tana ƙasan hoton. In na yanke, babu amsa. In na bari, babu ni.

Da safe na je wurin maƙwabcinmu mai sayar da kofunan shayi na roƙi kwali. Na ɗauko kyamarar da muke bayarwa haya ta ɗaukar biki, na kafa ta gaban talabijin. Na rufe fuskar talabijin da kwali, na bar faɗin yatsa huɗu a ƙasa, daidai inda rubutu ke bi. Minti huɗu na ɗauka, na haɗa a gurbinsu. Ban nuna wa kowa ba, kunya ta hana.

Bayan la'asar Usta ya zo. Muka tsaya mu huɗu, aka tura kaset zuwa wurin. Algaita ta tashi, sai ga kwali ya cika talabijin, ruwa na fantsama a bayansa, rubutu na wucewa a ƙasa. Usta ya matso yana karantawa a hankali, sai ya dafe kai.

“La ilaha illallah! Ɗan sandan ne! Mai gashin bakin! Ba matar ba, ba direba ba. Alhamdulillah, duk sun faɗi, yau zan ci abinci a gidana.”

Na fara sakin numfashi ke nan sai na ga Abu Majid ya ƙura wa kwalin ido. Akwai wani jan rubutu ɓaro-ɓaro a tsakiya, ni na ɗauka ado ne.

“Ya Salihu, ka san abin da aka rubuta a nan?”

“Allah ya ja kwana, ni da lambobi ne.”

Usta ya karanta da ƙarfi, yana fassara mini: “Hattara, mai saurin fashewa. Kada a kife.”

Abu Majid ya yi dariya har baƙar igiyar da ke riƙe da mayafin kansa ta faɗo ƙasa. Bamisire ya fita waje yana tari. A makon nan aka kai iƙamata sabuntawa, kaset ɗin kuma ya samu suna, Abu Kwali. Har layi ake yi masa. Da kashi na huɗu ya zo, mutane suka riƙa tambaya ko da kwali a ciki, in babu su fasa.

Daga ranar na daina yanka da ƙeya. Aikin da aka ba ka, ka dube shi da ido, ko da ta tsakanin yatsu ne. Na kuma daina yi wa masu kashi na uku dariyar raini, don na gane 'yan uwana ne: algaita ɗaya suke da ita suka yi fim da ita, ni kwali ɗaya nake da shi na ceci iƙama. Mai haya kuwa zai yafe maka tiyo, zai yafe maka gashin bakin da aka manna, amma ba zai yafe a hana shi sanin wanda ya yi kisa ba.

Bayan kwana biyu Usta ya dawo da kaset, da saƙo daga mahaifiyarsa. Ta ce a gaishe da Hajji Sale, kuma a faɗa masa, a duk 'yan wasan fim ɗin, kwalin nan ne kaɗai ya san mutuncin kansa.