Mutumin da Ya Rufe Mata Ido

Ɗiyata ta fari ta rasu cikin gonar dawa, tsakanin Kurfi da Ɗantutture, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Ba zan faɗi sunanta ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya mutu kuma ba ta kuka a ji. Haka na taso na tarar, haka na yi.

A Ɗantutture take aure, tana da goyo. Ranar nan ta bar jinjirin wurin uwar mijinta, ta ɗauki tuwon rana za ta kai gona. Lokacin dawa ta fi tsawon mutum, in ka shiga hanya ba ka ganin komai sai ganye. Mijin ya jira har rana ta karkata, abinci bai zo ba. Da aka bi sawu sai aka same ta kusa da hanya, tsakanin kunyoyin dawa.

Ba a yashe aka same ta ba. Kwance take ta gefen dama, fuskarta gabas. An rufe mata ido, an ɗaure mata haɓa da farin ƙyalle, an haɗa manyan yatsun ƙafarta an ɗaure, yadda ake yi wa mamaci kafin wanka. An ja zanenta har idon sawu. Ƙwaryar tuwon tana gefe da faifanta a kai.

Dattawa suka ce wani bawan Allah ne mai wucewa ya tarar ta faɗi, ya suturta ta, ya yi gaba don kada 'yan doka su riƙe shi da tambaya. Abin da ya kashe ta kuwa, wasu suka ce maciji, wasu suka ce iskoki. Kafin magariba an binne ta. Tsohuwar da ta yi mata wanka ba ta ce komai ba, don mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani. Ni ma ban tambaya ba. A zaman makoki ni ke miƙa wa baƙi ruwa, kamar ɗiyar maƙwabta ce ta rasu.

Abu ɗaya na riƙe. Tun da ba ni da bakin kuka, sai na mayar da shi addu'a. Kowace salla in na sallame sai in ce, “Allah Ka saka wa wanda ya rufe mata ido. Allah Ka ba shi mai rufe masa nasa.” Na kan zana shi a raina: dattijo mai farin gemu da sanda, ya durƙusa yana gyara mata zane. In na tuna ba ta kwanta a wulaƙance ba, sai in iya cin abinci.

Bayan an sami mulkin kai, Malam, maigidana, ya maido mu Dutsin-Ma saboda cinikin hatsi. Nan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata bayan azahar, a wani gida kusa da mu. Muna da wata tsohuwa mutuniyar Kuki mai barkwanci, kowa Gwaggo yake ce mata. Ran nan malamarmu ta makara, muna zaune muna ɓarar gyaɗa.

“Gwaggo, yau ma baƙin naki a kwance kika rubuta shi?” in ji wata amarya 'yar Makera.

“Ke rufe mini baki! Shi ma tsufa ya yi, ya gaji da tsayuwa.”

Aka yi dariya. Hira ta gangara kan ko har yanzu akwai mutanen kirki a duniya. Gwaggo ta ce akwai mana.

“Ƙanwata ta faɗi a hanyar gona, dawa ta yi kai. Wallahi ko da aka je, wani ya riga ya kwantar da ita gabas. Ya ɗaure mata haɓa, ya ɗaure yatsu. Har yau ba mu san ko wane ne ba, Allah Ya yi masa albarka.”

Amaryar ta daina ɓara.

“Gwaggo, da farin ƙyalle?”

“Farin alawayyo, sabo fil. Mi ya faru?”

“Haka aka sami matar kawuna a Makera. Ita ma da kaka.”

Ban san lokacin da na yi magana ba. Na ce, “Akwai wata a Ɗantutture.” Ko a nan ban iya cewa tawa ce ba.

Can Gwaggo ta ce, a hankali, ba da muryarta ta wasa ba, “Yo wane matafiyi ne ke yawo da ƙyallen likkafani a aljihu?”

Da na koma gida na jira Malam ya gama cin abinci, na durƙusa na gaya masa. Ya ɗago ya dube ni.

“Kin tabbata, ko zancen mata ne?”

“Malam, gari uku.”

Bai raina maganata ba, Allah Ya ji ƙansa. Ya je ya sanar da hukuma, aka saurare shi. Aka ce ina gawa, ina shaida, wa ya ga wani? An binne su da shekaru, kuma ba mai tone kabarin Musulmi. Malam ya hau keke har Ɗantutture neman tsohuwar da ta yi wankan, ya tarar ta rasu. Ɗiyarta ce ta ce masa ta taɓa jin ta tana cewa wuyan yarinyar nan bai yi mata kyau ba. Iyakar abin da muka samu ke nan.

Daga baya an ƙara jin an sami wata haka wajen Kurfi, sannan shiru. Mai kashe su ya rufe musu ido, ko ya mutu, ko ya tsufa, ko ya canza gari, Allah kaɗai Ya sani. Abin da na sani, ya iya ɗaurin haɓa, ya san gabas ko a tsakiyar dawa. Namu ne. Na kan tsaya bakin zaure in an ɗauko gawa, in leƙa mazan da ke biye, in dubi hannuwansu. Duk hannuwan mutane ne.

Jinjirin nan ya girma, wurina ya tashi. Ya taɓa tambayata, “Inna, yaya uwata ta rasu?” Na ce masa a hanyar gona, kuma wani ya rufe mata ido. Ya ce Allah Ya saka masa. Ban ce amin ba, ban kuma hana shi ba.

Na yi ƙoƙarin daina addu'ar nan. Amma harshe ya riga ya saba. Har yau in na sallame, kafin in ankara na kai rabinta, sai in kama bakina. Ragowar ba na sanin inda zan kai ta. Sai in zauna kan buzu, hannuwana a buɗe, har su yi sanyi.