Ranar da Aka Sa Inna Tsallaka Yarinya

Matasa masu son rubuta labaran ban tsoro suna yawan turo mini rubutunsu ta waya, wai in duba musu. Kusan kowanne sai na tarar da tsohuwa a ciki, mai jan ido da haƙori ɗaya, tana zaune a ƙofar gida tana lashe baki. Nakan ce su sake, su shiga jikin tsohuwar su leƙo waje, su ga yadda idon jama'a yake idan an taru a kan mutum, don a nan tsoron yake. Wasu su ji haushi, su ce na cika tsanani. Ban taɓa gaya musu inda na koyo wannan ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ƙuli-ƙuli take yi a ƙauyenmu da ke gaba da Minjibir. Tun da mahaifinmu ya rasu, mu kuma aure ya watsa mu, gidan ya yi mata girma. Sai 'yar maƙwabta, wata 'yar ficiciya mai surutun tsiya, ta maye gurbinmu. Kullum da hantsi tana gindin turmi, Inna na korarta da baki tana miƙa mata tunkuza da hannu. Har kishi nake ji, don mu a zamaninmu muciya muke sha a gadon baya idan muka taɓa.

Wata damina na je gida, gero ya fara fitar da kai, sai zazzaɓi ya kwantar da yarinyar. Jikinta ya yi zafi har ta fara sambatu, kuma ba wanda take kira sai Inna. To wa za ta kira, in ba wadda take wuni a wajenta ba? Amma a wajenmu, idan majinyaci ya dinga ambaton wani cikin zafin ciwo, sai a ce shi ya kama kurwarsa. Kafin azahar magana ta zaga unguwa, an ce Inna mayya ce.

Kakan yarinyar ya zo da kansa ya tsaya a zaure. Bai yi zagi ba, kansa ma a ƙasa yake. Ya ce, "Ba mu ce ke ce ba. Amma ki daure ki zo ki tsallaka ta, hankalin kowa ya kwanta."

Na tashi kamar zan ci babu. Na ce asibiti ake kai mara lafiya, ba tsakanin ƙafafun tsohuwa ba, na faɗi wasu maganganun da bai kamata a faɗa wa dattijo ba. Inna ta ce in yi mata shiru. Ta ce a nan aka kawo ta amarya, a nan mijinta yake kwance, idan ta ƙi zuwa kuma wani abu ya sami yarinyar, zaman garin ya ƙare mata. Ta ɗauki mayafinta, na bi ta.

An shimfiɗa yarinyar a kan tabarma a tsakar gida. Matan da suka kewaye ta duk Inna ta ci bikinsu, wasu ma ita ta yanke wa 'ya'yansu cibiya, amma sallamarta da ƙyar aka amsa. Inna tana da ciwon gwiwa. Ta ɗaga ƙafa ta kasa, ta sake ɗagawa ta yi tangaɗi, ba wadda ta miƙo hannu. Ni na riƙe ta. Tana tsallakawa yarinyar ta buɗe ido ta kama bakin zaninta, uwar yarinyar ta yi maza ta ɓamɓare 'yan yatsun. Har yau idan na tuna wannan, zuciyata karyewa take yi.

Da la'asar kawun yarinyar ya dawo daga kasuwa, ya ɗora ta a babur sai asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, ta warke. Na yi murna, na ɗauka magana ta mutu. Ashe ban san garinmu ba. Aka ce ai ga shi nan, tana tsallaka ta ta sake ta. Da a ce yarinyar ta mutu kuwa, sai a ce ta riga ta cinye ta. Wannan shi ne abu na biyu da nake gaya wa matasan nan: mai karatu ba ya razana da dodo kamar yadda yake razana da mutumin da duk yadda al'amari ya faɗi, shi ne mai laifi.

Aka daina aiko yara gidanmu. Na roƙi Inna ta biyo ni Kano, ta ƙi. Ranar da zan koma muna zaune a ƙofar gida ina jiran mai babur, sai ga yarinyar an aike ta da ƙwarya a ka. Ta hango Inna, ta ja ta tsaya, fuskarta ta fara washewa. Sai ta tuna abin da aka gaya mata. Ta kare idonta da hannu, ta bi ta jikin katangar can, ta zuba da gudu.

Inna ta bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ta ce, "Bar ta ta gudu. Kin ga ƙafafun sun yi ƙwari."