Dutsen da ke Da'irar Waje

Da kakar shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, lakkwal, wato makarantar boko, tana rufe saboda yajin aiki, gindin dalbejiyar gidanmu a Sabon Gari ya koma aji. Wata safiya na dawo daga famfo da bokiti a kai, na iske Yaya Sanusi ya kwashe duwatsun carabkena, waɗanda na tsinto a Gulbi na goge har suna sheƙi. Ya zana da'ira uku a ƙasa, ya aje ƙwallon goriba a tsakiya, yana jera duwatsun: biyu a ta ciki, takwas a ta biyu, guda ɗaya tal a ta waje. Rahila tana durƙushe gefensa. Ɗiyar abokin Baba ce daga Tibiri, tana zaune gidanmu don tana lise, babbar sakandare. Katifarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya, amma ita tana da kayen rubutu da biro, ni ina da tsintsiya.

Na ji yana gaya mata komai na duniya da atom aka yi shi, goribar ita ce cibiya, duwatsun su ne ilektaron, kuma na kusa da cibiya sun fi riƙuwa. Rahila ta gyaɗa kai, ni kuwa kamar in juye mata ruwan. Ban tsane ta ba, don ita ke yi mini kitso. Gyaɗa kan nan na tsana. So nake in durƙusa a wurin, a tambaye ni. Kowace safiya nakan share tsakar gida in kewaye zanen, Inna tana faɗa, ni ina ƙirga duwatsu a zuci. Da na roƙi Baba ya sa ni lakkwal in an buɗe, ya ce masu zuwa ma ga su zaune.

Da aka fara noman rani aka tura ni Jiratawa, wurin Gwaggo, ban ruwan albasa. Ranar tafiya na je kwasar duwatsuna, Yaya ya miƙo mini na wajen kawai, yana dariya. "Ke ce sodiyom, Hajo. Guda a waje, ba wuyar bayarwa." Rahila ta ce ya bari, amma ita ma ta murmusa.

Sai da na yaye ɗana na uku na shiga ajin manya, na koyi baƙi da faɗa da naci. Bara ɗiyata ta buɗe littafin shimi, wato kimiyyar sinadarai, na ga da'irar nan uku. Ta ce sodiyom ke nan, na wajen shi ke fita ya haɗu da wani, da haka ake samun gishiri. Na ji daɗi, amma bai biya ni ba. Rahila yanzu tana da farmasi a Zariya, in na shiga takan rungume ni ta ce "ƴar'uwa", ni kuwa idona na kan farar rigarta. An sare dalbejiyar, an yi wa tsakar gidan siminti. Har yau wurin durƙuson nan nake so.