Sunan abokina a cikin kanel

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu abin da zai gagare ni a gaban kwamfuta, ni da abokina mun yi aiki da wani ɗan kamfani a nan Garwa, mai haɗa firiza da ke aiki da hasken rana yana sayar wa mahauta. Abokina ɗan mahauta ne, shi ya jawo ni aikin. Ya san yadda ran mahauci ke ɓaci idan ya buɗe firiza ya ji nama ya fara wari.

Bari in ɗan yi muku bayani, kada in bar ku a baya. A cikin kowace firiza akwai ɗan cip wanda bai fi farce ba. A cikinsa akwai babbar ƙwaƙwalwa mai ɗauke da kanel, wato uwar manhajar da ke juya komai, sai wata 'yar ƙarama a gefe da ke kula da wuta da zafi. Ita muke kira maigadi. Kanel ba ya magana da maigadi kai tsaye, sai ta wata manhaja da ake kira direba. Direba zai ajiye umarni a wani ɗan akwati da suke tarayya, ya buga ƙararrawa, ya jira. Maigadi ya karanta, ya aikata, ya mayar da amsa. Kula da wannan direba shi ne aikinmu.

Da bazara ta kama, sai firizojin da muka kai garin Ngong suka fara tsayawa cak da tsakar rana. Ni, da yake Allah ya yi ni da gajeren haƙuri, babu wanda ban zarga ba: batir, masu ɗaura wayoyi, har mahautan kansu. Abokina kuwa tashi ya yi. Ya hau babur ya tafi Ngong, ya yini zaune a rumfar kwano kusa da firiza, kwamfuta a cinya, ƙudaje na shawagi a kansa. Da ya dawo ya ce min, "Sobajo, maigadi ba mutuwa yake yi ba. Zafi yake ji."

Ashe idan cip ya ɗau zafi, maigadi rage gudunsa yake yi don kada ya ƙone, sai amsarsa ta makara. Direban da ya zo tare da cip ɗin kuwa a ƙasar sanyi aka gwada shi. Da ya ɗan jira bai ji komai ba, sai ya sake rubuta umarni a kan wanda ake cikin karantawa, maigadi ya rikice, komai ya tsaya. Abokina ya zauna ya rubuta sabon direba tun daga tushe, wanda ba ya taɓa akwatin sai maigadi ya ce ya gama. Nama ya daina lalacewa, patron, wato mai kamfanin, ya yi murna, ni kuma na ce to, shi ke nan.

Shi bai ce shi ke nan ba. So yake direban ya shiga babban kanel da duniya ke amfani da shi kyauta. Al'adar wurin ita ce ka aika aikinka ta imel, manyan da ke kula da wannan sashe su duba, su dawo maka da shi, ka gyara, ka sake aikawa, har sai sun gamsu. Idan ya shiga, sunanka na saman aikin. Ya ce min, "Ni dai ina so in buɗe da hannuna in ga sunan ɗan mahauta daga Garwa a wurin. Ko da layi ɗaya ne."

Muka aika, suka yi ta dawo mana da shi. Yau a ce layi ya yi tsawo, gobe a ce a canja sunan wani abu. Ni ina ta kumfar baki, ina cewa raini ne kawai. Shi sai ya yi dariya ya ce, "Kai da ba a zage ka ba, me ya yi zafi? Karatu suke ba mu kyauta."

Ana cikin haka ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya ce ƙoda ce. Aka fara yi masa wankin jini, ya rame har agogo ya daina zama a hannunsa. Na riƙa kai kwamfuta asibiti, yana kwance yana faɗa, ina bugawa. Idan na shigo, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce, "Sun amsa?" Wani lokaci su yi shiru na makonni, don su ma mutane ne masu hidimar gabansu. Na ce bari in rubuta musu cewa ba shi da lafiya, su hanzarta. Ya kama hannuna ya ce, "A'a. Kada su karɓa don tausayi. In bai kai ba, bai kai ba."

Ya rasu da hantsi, muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ba a daɗe da tashi daga zaman makoki ba saƙo ya shigo: an karɓa, an gode. Na daɗe ina kallon sunansa a saman aikin, ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Na je na nuna wa mahaifiyarsa a waya. Ba ta karanta boko, sai ta ɗora yatsa a inda na nuna, ta ce, "Ɗana, shi ya gani?" Na ce, "Bai gani ba, Inna." Ta ce, "Allah ya gani."

Na zaci mafi zafin ya wuce. Ashe da saura. Ban da sunan marubuci, akwai wani wuri da ake sa sunan wanda za a tuntuɓa idan direba ya sami matsala, can ma sunansa ne. Bayan wasu watanni ɗaya daga cikin manyan ya rubuto min cikin ladabi, wai saƙonnin da ake tura wa abokina suna dawowa, ko zan aiko da gyara in cire sunansa a wurin in sa nawa? A dokarsu kuma kowane gyara sai ka rubuta dalili. Na yi gyare-gyare masu wuyar gaske a rayuwata, amma babu wanda ya ɗauke ni lokaci kamar wannan mai layi ɗaya. A wurin dalili na rubuta, "Ya rasu."

Yau ni nake kula da direban. Har yanzu ina da zafin rai, sai dai idan wani baƙo ya aiko da gyaransa na farko, komai cunkoson aiki ba na bari ya kwana ban amsa ba. Ban san daga wane gado yake tambaya ko an amsa ba.