Goggon Waya Ba Ta Duba Sakamako

Teburinta yana bayan ƙofar ɗakin gwaje-gwajenmu, tsakanin firiza da kabad ɗin fayil. Kowa Goggon Waya yake ce mata. Shekara ashirin ta yi tana haɗa kira a asibiti, kafin wayar hannu ta cinye aikin aka dawo da ita wurinmu.

Mu muna awon wani abu ne a naman da aka yanko daga tumbin masu cutar kansa. RNA mai zobe ake ce masa, ɗan zaren saƙo a cikin ƙwayar halitta wanda bakinsa biyu suka haɗe, shi ya sa ba ya saurin lalacewa. Muna zaton yawansa yana nuna wanda cutar za ta dawo wa. Zato ne kawai. Tabbatarwa sai an san wa ke raye bayan shekaru, wannan kuwa aikin Goggo ne.

Na daɗe ina sauraronta ina mamaki. Ban taɓa jin ta tambayi ko mutum yana raye ba. Sai ta ce, "Ya mai jiki, yana taɓa abinci?" ta yi shiru, amsar ta kawo kanta. Dokarta ɗaya ce: kada a nuna mata sakamakon kowa.

"Murya ba ta da sirri, 'yata," ta ce min. "In na sani, kunnensu zai sani."

Ni na karya dokar. Wata rana na ga awon majinyaci mai lamba sittin da uku ya zarce na kowa, bakina ya suɓuce, na ce, "Wayyo, sittin da uku kam..." Ashe shi take kira, wayar har ta shiga. Ta watsa min harara. Mutumin da kansa ya ɗauka, wani mai gyaran agogo, kuma ina jin muryarsa daga inda nake.

"Baiwar Allah, bara tsokanata kika yi, yau kina lallaɓa ni kamar ƙwai. Me kuka gani?"

Washegari sai ga shi, siriri, gilashin aikinsa rataye a wuya. Ba faɗa ya kawo shi ba, zoben da Goggo ta gaya masa muna awo yake so ya gani. Goggo ta turo ni gaba.

"Ga mai bakin nan, Baba."

Na nuna masa layin awonsa a kwamfuta. Na ce nasa ya yi yawa, amma har yanzu ba mu san ko awon gaskiya yake faɗa ba. Ya kafa gilashinsa, ya daɗe yana kallo.

"Wato agogon naku ba a saita shi ba?"

"Ba a saita ba, Baba."

"Da me za ku saita?"

Goggo ta ce, "Da kai mana."

Ya yi dariya har ya dafe inda aka yi masa aiki. Da ya nutsu, ya ce a matso masa da ranar ganin likita, ba zai jira sai wata uku ba. Nan take Goggo ta kira, ta samo masa Alhamis.

Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Rubuta lambar 'yata ma," ya ce mata. "In kin kira ban ɗauka ba, kada aikinku ya tsaya."