Hajiya Safiya Makera, Lauyar da Ta Daina Jiran Littafi

Haihuwa da Karatu

A shekarar 1963 Miladiyya aka haifi Barista Hajiya Safiya Sani a unguwar Makera da ke kudancin Kaduna. Mahaifinta, Malam Sani, mutumin Ƙaura Namoda ne da ya zo aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, mahaifiyarta kuma, Malama Jummai, tana koyar da matan unguwa karatun Alƙur'ani. Tun tana ƙarama aka shaide ta da kafiya. Idan ta ga gaskiya a wuri, ko mahaifinta ba ya iya tanƙwara ta.

Ta yi firamare a Makera, ta kammala sakandare a 1980, sannan ta sami gurbin karatun shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Bayan ta halarci makarantar horas da lauyoyi a Legas, aka rantsar da ita lauya a shekarar 1986.

Aure da Fara Aiki

A 1987 aka ɗaura aurenta da Alhaji Zakariyya'u, mai sayar da kayan gini a unguwar Nasarawa, mutum mai haƙuri, domin zama da lauya irin Safiya sai mai haƙurin. A 1990 ta buɗe ofishinta a Kakuri, a saman wani shagon kayan gyaran mota. A wancan zamani lauya ba shi da hanyar sanin abin da manyan kotuna suka yanke sai ta kundayen hukunci da ake bugawa a Legas, waɗanda kan ɗauki watanni kafin su iso Kaduna. Lauyoyi kuwa sun saba da jira, har suna alfahari da jerin kundayen da ke bayan kujerunsu.

Shari'ar Gidan Kakuri

A 1997 wani bakanike mai suna Cyril ya rasu, ya bar matarsa Nkechi da 'ya'ya mata biyu, babbarsu Chidinma, da gida guda da ya gina da guminsa a Kakuri. 'Yan'uwansa suka taso daga garinsu suka ce bisa al'adarsu mace ba ta gadon gida. Nkechi ta kawo kukanta wurin Barista Safiya, ita kuma ta tsaya mata, ta bincike duk kundin da ke ofishinta, amma ba ta sami hujjar da za ta karya al'adar ba. A ƙarshen shekarar aka yanke hukunci, aka fitar da uwa da 'ya'yanta, suka koma ɗakin haya a Narayi.

Cikin 1998 sabon kundi ya iso ofis. Tana buɗewa sai ga hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara da ke kudu, wadda ta yi tir da irin wannan al'ada tun kafin a fara sauraron ƙarar Nkechi. Ashe hujjar tana nan, littafin ne kawai bai zo ba! A ranar ta nufi Narayi da kundin a hannu.

"Maman Chidinma," in ji ta, "ba alƙali ne ya kayar da ke ba, ni ce. Hujjarki tana nan, ban san da ita ba."

Nkechi ta dube ta, ta ce, "Barista, share hawayenki. Ke dai kada ki bar ni a hanya."

Barista Safiya ta yi mata alkawarin cewa muddin tana numfashi ba za ta saki shari'ar ba. Ta nemi izinin ɗaukaka ƙara ko da yake lokaci ya ƙure, aka ba ta, amma lauyoyin 'yan'uwan mamacin suka yi ta neman a ɗage zama, shekara tana bin shekara.

Kafa Rumbun Shari'a

Daga nan ta ɗauki aniyar cewa ba za ta sake jiran littafi ba. Ta roƙi abokan karatunta da ke Enugu, Ibadan, Jos da Abuja su riƙa aiko mata da kwafin kowane muhimmin hukunci a makon da aka yanke shi, da farko ta hannun direbobin tasha, daga bisani ta imel. Ko a rikicin shekarar 2000, lokacin da jama'a suka yi ta sauya unguwa, ba ta ɗauke ofishinta daga Kakuri ba.

A 2004, tana da shekara arba'in da ɗaya, ta koyi kwamfuta, ta buɗe shafin intanet mai suna Rumbun Shari'a. A ciki take sanya hukunce-hukunce da dokoki, kowanne da taƙaitaccen bayani cikin Hausa da Turanci mai sauƙi, tare da alamar ko yana nan daram ko wata kotu ta rushe shi. Ƙa'idarta ita ce ba a sa komai sai ta karanta shi da idonta, kuma kyauta ne ga kowa. Wasu manyan lauyoyi suka yi mata dariya, suna cewa Hajiya ta koma mai buga tafireta. To, ba a daɗe ba su ma suka koma leƙa shafin kafin su shiga kotu, ko kunya babu. Ɗalibai kuwa, daga Zariya har Maiduguri, da shi suke nazari, kuma cikinsu har da Chidinma, wadda ta zama lauya a 2011 ta kama aiki a ofishin Barista Safiya.

A watan Afrilun 2014 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa al'ada ba ta isa ta hana 'ya mace gadon mahaifinta ba. Wannan karon hukuncin bai kwana biyu ba ya shiga Rumbun Shari'a, kuma da shi ta tsaya a zama na gaba. A 2015 kotu ta mayar wa Nkechi gidanta. An ce da aka miƙa mata makullin, sai Nkechi ta tura Barista Safiya gaba, ta ce ita ce za ta fara shiga.

Rasuwa

Hajiya Safiya ta sauke farali a 2017, ta ci gaba da duba shafin har ciwon suga ya taɓa mata ido, aka koma karanta mata tana gyarawa. Allah Ya yi mata rasuwa a watan Nuwamban 2023, tana da shekara sittin. Aka yi mata salla a ƙofar gidanta da ke Nasarawa, aka binne ta a maƙabartar Tudun Wada kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Nkechi ta yafa mayafi ta zauna cikin mata har aka tashi daga zaman makoki, tana karɓar gaisuwa kamar 'yar gida. Allah Ya jiƙanta, Ya sa aikinta ya zama sadaka mai gudana.

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Dakta Amina, likita a Zariya, Sani, wanda ake kira Abba, injiniya a Abuja, da Fatima, malamar makaranta a Mahuta. Sai ta huɗu, wadda ba ta haifa ba amma ta yi wasiyya a ambace ta tare da su: Barista Chidinma Cyril. Ita ce ke riƙe da Rumbun Shari'a a yau, daga ɗakin gaba na gidan mahaifinta da ke Kakuri.