Farkon Maganar Baba

Yaya Rabi, jiya da dare wani mafarki na yi wanda har yanzu bai sake ni ba. Na kasa karyawa, na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuto miki kafin ki fita aiki. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Akwai abin da ban gaya miki ba, kuma sai da shi za ki gane. Tun ranar da likita ya ce in an yi wa Baba aikin maƙogwaron nan wataƙila muryarsa ba za ta dawo ba, na fara ɗaukar maganarsa. Bayan la'asar nake shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, in ja shi da labarin zamanin da yake tuƙa jirgin ƙasa. Kin san yadda muryar ta koma, kamar mai raɗa, waya ba ta kama ta da kyau. Sai na aro makirfo wajen wata abokiyar aikina, irin wanda ake jona wa kwamfuta.

To kwamfutar tawa tana da wani ciwo. Da an yi ɗan shiru sai sautin ya yi barci, in aka sake magana, kafin ya farka ya haɗiye kalmar farko. Baba kuwa yanzu ba ya haɗa magana biyu sai ya huta. Da na zo saurare, kowace magana tasa ba ta da kai. Kin san ba ya fara yi mini zance sai ya ce "Uwata". Ko guda ɗaya ba ta shiga ba.

Na kai wa Malam Iliya mai gyara. Ya ce ba ƙarfen ba ne, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce, kuma ba ni kaɗai ba ce. Ya buɗe mini wani shafi a intanet inda ake kai kuka. Wanda ya fara rubutawa, tun ina sakandare ya rubuta. A ƙarƙashinsa mutane ne ba iyaka, kowa da "ni ma haka", har zuwa kwanan nan. Ba wanda ya gyara. Da wannan a raina na kwanta.

Sai na gan ni a tsohuwar unguwarmu ta ma'aikatan jirgi, rana tsaka, ba takalmi, na ɗora kwamfutar a ka. Sauri nake yi. Na san akwai inda zan kai ta kafin a tashi, amma ban san ko ina ne ba. Gidajen duk an yi musu sabon fenti, sai dai ba su da ƙofofi. Na wuce wata mata tana daka, taɓarya tana sauka cikin turmi ba ƙara ko kaɗan. Na gaishe ta, ta bi ni da ido.

Sai kawai ga ni a tashar jirgi. Ba wadda muka sani ba. Wannan doguwa ce, ba a hango ƙarshenta, rufinta irin na asibiti, fankoki suna juyawa a hankali. Kujerun katako cike da mutane, kowa rungume da kwamfutarsa kamar jinjiri. Ga Turawa, ga Indiyawa, ga namu, ga wasu da ban san ƙasarsu ba. Wani tsoho gemunsa ya sauka har kan madannai, ya shiga tsakanin haruffa. Wata mata tana yi wa 'yarta kitso, kuma a mafarkin na san a nan ta haife ta.

Na durƙusa na ce wa tsohon, "Baba, nan ake gyaran sauti?"

Bai dube ni ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ma haka." Na kusa da shi ya ce shi ma haka. Maganar ta bi layi tana tafiya, har ta ɓace can inda ido ba ya kaiwa.

Akwai wata 'yar taga irin ta sayar da tikiti. Na nufe ta, ina tafiya tana ja da baya. Da ƙyar na kama ƙarfenta. Ba kowa a ciki, sai kujera da kofin shayi yana tururi. Na ce mahaifina ne, an kusa yi masa aiki, ba ni da lokacin jira. Wata murya ta fito daga lasifika a sama, ba ta mace ba, ba ta namiji ba.

Ta ce, "Ki kashe, ki kunna."

Na ce na yi.

Ta ce, "Ki kashe, ki kunna."

Na ce wallahi na yi har na gaji. Can ta ce, "Mu a wajenmu lafiya ƙalau take aiki." Aka saki labulen ƙarfe ya sauko ya rufe tagar, shi ma ba ƙara.

Ina juyowa na ga Malam Iliya sanye da farar rigar likita, yana bin layi, yana sa mutane su buɗe baki yana haska musu tocila. Da ya zo kaina ya leƙa, ya girgiza kai, ya wuce. Na ɗaga murya na ce "Malam Iliya", amma abin da ya fita "Iliya" ne kawai. Duk tashar ta juyo tana kallona. Kunya ta rufe ni, na kira babban mutum da sunansa tsirara a bainar jama'a.

Sai kawai kayan kaina ya yi nauyi. Na sauke, ashe ba kwamfuta ba ce, kwanon nan ne mai murfi da marigayiya Umma take zuba wa Baba fura in zai yi doguwar tafiya. Na ɗan ɗaga murfin. A ciki muryar Baba ce, ta da can, mai kauri, tana ta cewa Uwata, Uwata, Uwata, suna fitowa suna tashi sama kamar tururi. Na yi maza na danne murfin da hannu biyu kada su ƙare. Kwanon yana motsi a ƙirjina.

Ban ji zuwan jirgin ba. Na dai ga inuwa ta rufe ƙafafuna. Baƙi ne, dogo, irin mai garwashi, yana shigowa shiru kamar ana jan zane. Baba ne a gaba. Saurayi, gashinsa baƙi ƙirin, cikin kakin nan na hoton da ke falo, wuyansa a buɗe ba mayafin da yake naɗawa yanzu. Jirgin bai tsaya ba, ya dai rage gudu. Baba ya leƙo ya gan ni.

Na ga bakinsa ya motsa. Ya motsa, sannan daga baya magana ta iso, na ji, "...a yi aikin."

Na ce, "Baba me ka ce? Ban ji farkon ba!"

Ya yi murmushi ya maimaita. Bakin ya sake motsawa, sannan, "...a yi aikin."

Na fara gudu a gefen jirgin, kwano a ƙirji, ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa. Mutanen kujerun suna miƙo hannu suna jan gefen zanena, kowa yana so in ji nasa. Ina ce masa kada ya yi shiru kafin ya faɗa, ya haɗa da wata maganar, ya yi tari ma in ya so, don sautin ya farka. Ban sani ba ko ya ji ni. Ya mayar da kansa ciki.

Taragu suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, duk ba kowa. Sai a na ƙarshe na gan ki, Yaya, kina zaune bakin taga da gyalenki ruwan toka, kina ɓare gyaɗa a cinya. Na buga gilashin. Ba ki ɗago ba.

Daben tashar ya ƙare, na tsaya a bakinsa, jirgin ya shige. Sai da ya ɓace tukuna duk ƙarar da aka riƙe ta sauko mini lokaci guda, usur ɗin jirgi, kukan ƙarfe, dukan turmi, faɗuwar labule, komai tare. Na toshe kunnuwa, kwanon ya suɓuce.

Na farka jiƙe da gumi, ana kiran assalatu, Baba yana tari a ɗakinsa.

Bayan na yi salla na shiga gaishe shi. Yana kan buzu da carbi. Ya amsa da kai, ya daɗe yana kallona, sannan ya yafito ni na matso da kunnena. Ya ce, "Sun ce yaushe ne?" Na ce ranar Alhamis. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Tun ɗazu nake zagaye tsakar gida. Ina ta tuna ranar da muka gama magana da likita, ni ina tsaye ke kina kan waya, muka ce a yi. Da muka gaya masa, cewa ya yi, "Duk yadda kuka gani." Kin san Baba, ko ƙaya ya taka ba zai ce wash a gabanmu ba.

To mece ce kalmar da ban ji ba? "Bari a yi aikin" ya ce, ko "kada a yi aikin"? Na san mafarki ba hujja ba ne, ƙila gajiya ce da takaicin kwamfutar nan suka haɗu mini. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In tambaye shi kai tsaye, ko zan tayar masa da hankali ne a banza ana saura kwanaki? Ke da kika fi ni sanin halinsa, me kika gani a ciki?

Kuma ke, Yaya, me kike yi a cikin jirgin nan?